Labarin bincike mai raha: Me ya sa marubuta ke gina shi a kan ranakun biki?

A duk ƙarshen shekara, shagunan littattafai a Ingila da Amurka kan cika da wani nau'in ƙagaggen labari na bincike da ake ginawa a kan lokacin Kirsimeti. Akwai laifi a cikinsa, wani lokaci har da kisan kai, amma ba a zayyana zubar da jini. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne raha da warware ƙulli.

Labarin kan faru ne a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, kuma sau da yawa mai binciken ba ɗan sanda ba ne. Fitacciya a wannan fage ita ce Miss Marple, dattijuwar ƙauye da marubuciyar Ingila Agatha Christie ta fara ba wa cikakken littafi a 1930. Ba ta da makami sai lura da sanin halin ɗan Adam.

Dalilin zaɓen ranakun biki kuwa shi ne suna tara dangi da baƙi a gida ɗaya, kowa da abin da ya ɓoye a ransa. A littafin Hercule Poirot's Christmas na 1938, wani tsohon attajiri ya tara iyalinsa domin biki, aka tsinci gawarsa a ɗaki kulle, zargi ya hau kan na gida. Tun a 1892 ma, Arthur Conan Doyle ya rubuta yadda Sherlock Holmes ya bi diddigin wani dutse mai daraja da aka samu a cikin dinyar girkin Kirsimeti, daga ƙarshe ya ƙyale ɓarawon da ya yi nadama.

Duk abin da irin wannan labari ke buƙata akwai shi a Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa tun 1996, inda ake shagalin Sallah da na Kirsimeti a unguwanni masu maƙwabtaka. 'Yan gari na dawowa daga Abuja da Jos da Makurɗi, kasuwa na cika, jama'a na yin dafifi a fadar Sarki ranar Sallah. Marubuci na iya ɓatar da ragon layya a daren jajibere, zargi ya faɗa kan mai kiwo da maƙwabci da baƙon da ya sauka jiya, sannan mai tuyar ƙosai ta bakin layi, wadda kowa ke wucewa ta gabanta, ta gano gaskiya.

Salon ba baƙo ba ne ga Hausawa. Kacici-kacici tsohuwar al'ada ce, kuma Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, cike yake da labaran da dabara ke tona asiri. Sai dai adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1980, ya fi karkata ga soyayya da zaman aure.

Amfanin wannan salo ya wuce nishaɗin hutu. A ƙasar da ihun ɓarawo a kasuwa kan jawo asarar rai kafin a binciki komai, labarin na koya wa matashi cewa wanda aka fara zargi ba lallai ne shi ya aikata ba, kuma hujja ce ke gaba da hukunci.