Cizon wasa: tun yana kwikwiyo ake raba kare da shi

Da baki ɗan kwikwiyo yake sanin duniya. Duk abin da ya gani, takalmi ne ko bakin zane ko yatsan yaro, sai ya kai masa haƙori. Haƙoransa na fari 28 ne, masu tsini kamar allura. Wajen wata huɗu yake famfara, kafin wata bakwai manya 42 sun fito, a tsakanin nan kuwa dasashinsa na ta ƙaiƙayi. Yawancin cizon da ake kuka da shi a gidaje daga nan yake, ba mugunta ba ce.

Cikin 'yan'uwansa yake fara sanin iyakar haƙori: in ya ciji wani da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8. Amma sau da yawa sai a ɗauko shi tun yana tangaɗi, a miƙa wa yara suna tsokanarsa da hannu ana dariya. Ran da ya girma ya cafki ƙafar baƙo, sai a nemo sanda.

Sanda ba ta maganin wannan. Karen da ake duka yakan tsorata da hannun mutum, kuma mai tsoro shi ke cizon gaske. Wanda aka hana gurnani da bulala ma ya fi haɗari, don an raba shi da gargaɗin da yake yi kafin ya kai baki.

Dokar ɗaya ce: haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare. Kada ka fizge hannu, fizgewar ce ke ƙara zuga shi. Tsaya cik, juya masa baya, ka bar wurin kamar rabin minti. In ka dawo, miƙa masa igiya mai kauri ya yi ta gwaigwaya, ka yaba masa. Wuyar aikin ita ce sai kowa a gidan ya bi. Mutum ɗaya ya ci gaba da wasan hannu, an koma gidan jiya. Yara kuma a koya musu tsayawa da naɗe hannuwa, domin gudu da ihu ne ke sa kare bin dunduniya. Karen da ya wuni ɗaure da sarƙa, dole ya huce a kan wani. A fita da shi ya gaji.

Babban kare da ya fara cizo kwatsam, wannan zancen likita ne, wataƙila ciwo ke cinsa. A ƙasashenmu kuwa ba a raina ko ƙwarzane: ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. A yi wa kwikwiyo riga-kafi da ya kai wata uku. In haƙori ya fasa fata, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a wuce asibiti ranar.