Yadda A Ke Kama Zanen Maganaɗisu A Kan Takarda

Kowane ɗayanmu ya taɓa ganin malami ya zana sandan maganaɗisu a allo, ya ja waɗansu layuka masu lanƙwasa daga wannan kai zuwa wancan, ya ce ta nan ƙarfinsa ya ke bi. Mu kuwa mu kwafa cikin littattafanmu, mu yarda don malam ya faɗa. To, gobe mu ne za mu tsaya gaban yara, ba kuwa za a rasa mai kaifin kai ba wanda zai ce, "Malam, wa ya ga layukan nan?" Babu amsar da ta fi a bar maganaɗisun ya yi zanensa da kansa, sa'an nan a kama zanen yadda iska ba za ta watsa shi ba.

Ban da maganaɗisun, kayan aikin duka suna nan cikin birni. Na farko garin ƙarfe. Ka tafi wajen maƙeran Kasuwar Kurmi, ka roƙi abin da ke zuba a ƙasa sa'ad da su ke gyaran wuƙa ko lauje da magagari. Amma ka lura, wajen maƙeran baƙi za ka, ba maƙeran fari ba, gama maganaɗisu ba ruwansa da azurfa ko jan ƙarfe. Za a ba ka garin a cakuɗe da ƙasa da gawayi. Sai ka naɗe maganaɗisunka cikin takarda, ka bi kan tsibin da shi, ƙarfen kaɗai zai manne. In ka zare maganaɗisun, garin ya zube tsab. Kana ka tankaɗe shi, don mai laushi ya fi ba da zane mai kyau. Sauran kayan su ne kakin zuma ko kyandir, da farar takarda mai ɗan kauri, da ƙyallen akoko, da kaskon garwashi.

Ka narka kakin, ka tsoma takardar a ciki, ka ɗaga ta ta tsane har ta sandare. Kada kakin ya yi kauri. Ka kwantar da maganaɗisun bisa tebur, ka sa littafi dama da hagu daidai kaurinsa, ka shimfiɗa takardar a kai ta miƙe sosai. Ka ƙulle garin cikin ƙyallen akoko, ka riƙa kaɗa shi daga sama kamar kamu guda, kaɗan kaɗan, yadda a ke barbaɗa gishiri. A nan ne mai garaje ya kan ɓata aikinsa: in garin ya yi yawa sai ya dunƙule, ba a ganin kome sai baƙi. Sa'an nan ka ɗan ƙwanƙwasa gefen takardar da fensir, sau uku ko huɗu. Nan da nan za ka ga garin ya yi sahu sahu kamar kunyoyin gona.

Me ya jera shi haka? Kowace ƙwayar ƙarfe da ta faɗo kusa da maganaɗisu ita ma ta kan zama ɗan ƙaramin maganaɗisu, mai kan arewa da kan kudu. Tana so ta juya, amma takardar ta riƙe ta. Da ka ƙwanƙwasa, sai ta yi ɗan tsalle, ta sami sarari ta juya ta fuskanci inda a ke janta, ta kama wutsiyar 'yar'uwarta. Ka duba da kyau: sahun ya fi cunkushewa a kawunan nan biyu, watau inda ƙarfin ya fi yawa, kuma ba inda layi ya ƙetare layi. In kana da maganaɗisu biyu, ka haɗa arewa da kudu, layukan za su miƙa daga wannan zuwa wancan. In ka haɗa arewa da arewa kuwa, sai su kauce wa juna, su bar ɗan fili a tsakiya wanda ba a jan kome a cikinsa. A ganina wannan zanen ya fi duka amfani a aji.

Saura kamawa. Ka riƙe takardar da hannu biyu, ka ɗaga ta sama sak, kada ka ja ta gefe, don maganaɗisun zai janye garin ya rushe sahun. Ka kai ta bisa garwashi, nesa kaɗan, har kakin ya yi sheƙi. Garin zai nutse a ciki. Ka ajiye ta a inuwa, da ta huce zanen ya zauna ke nan. Wani zai ce me ya hana a bar takardar a inda ta ke, a wuce da dutsen guga mai zafi ta sama? Abin da ya hana shi ne dutsen guga ƙarfe ne, zai karkatar da layukan, ka kama zanen ƙarya. Zafi mai yawa kuma yana rage ƙarfin maganaɗisu.

Dabarar nan ba sabuwa ba ce. Wani Bature na Ingila, Michael Faraday, wanda aka haifa a 1791, ya yi irin waɗannan zane a 1851 da garin ƙarfe da takarda mai kaki, waɗansunsu suna nan ajiye a Landan har yanzu. Shi ma ɗan maƙeri ne, bai yi zurfi a lissafi ba, don haka ya dogara ga abin da ido ke gani. Daga baya James Clerk Maxwell ya mai da layukan nasa lissafi.

Abu ɗaya ya kamata a gaya wa yara, kada su zaci waɗansu zarurruka ne a iska. Ƙarfin yana nan har tsakanin layi da layi, yana kuma kewaye da maganaɗisun sama da ƙasa, takardar yanki guda kaɗai ta nuna. Ka rubuta a kusurwa inda arewa ta ke da inda kudu ta ke tun ba ka manta ba. Ka ajiye zanen cikin littafi, nesa da ranar bazara, gama kakin da garwashi ya narka rana ma tana iya sassauta shi.