Kububuwa Abokiyar Gabar Manomi Ce

Ko wace sana'a da irin haɗarinta. Maƙeri yana fama da tartsatsin wuta, mai haƙar kuza yana tsoron rami ya rufta da shi. Mu manoma kuwa, babban abin tsoronmu shi ne maciji, tun ba lokacin huɗa da lokacin kaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa ko wace shekara ta dalilin saran maciji, kuma a shekarar 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashen zafi da aka yi wa sakaci.

A ƙasarmu wadda ta fi ɓarna ita ce kububuwa. 'Yar ƙarama ce, da ƙyar ta kai ƙafa 2, launinta kuwa ya saje da ƙasa. In ta fusata takan goga jikinta, ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Ta yi yawa a kwarin Binuwai da kewayensa, shi ya sa asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna wajen jiyyar waɗanda ta sara.

Dafinta yakan hana jini daskarewa. Wurin saran ya kumbura, sa'an nan jini ya riƙa fita ta dasashi, ko ta fitsari, ko ta tsohon miki. Wani lokaci sai an kwana kafin wannan ya bayyana, a nan ne mutane ke ruɗuwa. Bara a rangadina na tarar da wani magidanci wanda ta sara yana ɗaga harawa. Aka yi masa tsaga, aka ɗaure hannun tamau, aka ce ai ya samu sauƙi. Ran kwana 3 aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, amma gyaɗarsa a gona ta lalace.

To, jama'a, in abin ya auku, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. A cire zobe ko munduwa tun wurin bai kumbura ba. A kwantar wa mutum da hankali, a ɗauke shi, kada ya yi tafiya da ƙafarsa, a nufi asibiti nan da nan. Can za a ɗebi jininsa a zuba cikin kwalba mai tsabta. In an yi minti 20 bai daskare ba, an tabbata dafi ya shiga jiki, sai a yi masa allurar kashe dafi. Ita kaɗai ce magani. In kuwa gamsheƙa ce ta tofa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa, sa'an nan a tafi ga likita.

Rigakafi dai ya fi magani. Ka sa dogon takalmin roba in za ka gona. Kada ka tura hannu ƙarƙashin dami ko tarin kara sai ka motsa shi da sanda. Da dare ka riƙe tocila. Ka share ciyawa a gindin rumbu, don inda ɓera yake nan maciji ke zuwa.

Kuɗin takalmi bai kai kuɗin jiyya ba. Allah ya kai mu kaka lafiya, amin.