Yadda shaye-shaye ke kama ƙwaƙwalwar matashi

Idan muka ga yaro ya faɗa shan ƙwaya, mukan yi saurin cewa ya lalace ko ya fi ƙarfin iyayensa. Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da ke faruwa a cikin kansa.

Allah ya yi ƙwaƙwalwa da hanyar saka wa mutum da jin daɗi idan ya yi abin da zai amfane shi, kamar cin abinci ko zama cikin 'yan uwa. Wani sinadari mai suna dofamin ne ke kai wannan saƙo, yana koya wa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin, ta sake nemansa. Tiramol, kodin, wiwi, har da sigari, suna sa dofamin ya kwarara fiye da kima. In aka yi ta maimaitawa, sai ƙwaƙwalwa ta rage jin sinadarin don ta kare kanta. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku, kuma abinci da hira da ƙwallo su daina yi wa yaro daɗi. In tafiya ta yi nisa, ba daɗin yake bi ba; ciwon jiki, rashin barci da ƙuncin da ke taso masa in bai sha ba, su yake gudu. Wannan shi ne kamuwa.

Matashi ya fi saurin kamuwa saboda ƙwaƙwalwarsa ba ta girma lokaci ɗaya. Sashen da ke son daɗi da yabon abokai yana ƙarfi tun farkon balaga, amma sashen da ke bayan goshi, mai auna ƙarshen al'amari ya ce "dakata", ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Kamar mota ce mai totur da ƙarfi, birki kuwa bai gama kamawa ba. Shi ya sa wanda ya fara sha yana ɗan shekara 14 ya fi shiga haɗari a kan wanda ya fara da girmansa.

Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, sai dai doka ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu.

Mu soma yi wa yara bayani tun kafin abokai su riga mu, domin duk shekarar da aka jinkirta ɗanɗanawar farko riba ce. Mu lura da sauyin barci, ɓatan kuɗi a gida da janyewa daga mutane. Wanda ya kamu kuwa, duka da mari ba sa gyara abin da ya sauya a ƙwaƙwalwarsa. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato. In ya koma sha bayan ya daina, hakan na faruwa a wannan ciwo. A sake mayar da shi wurin likita.