Sabon Inji A Tsohuwar Mota: Aikin Bai Ƙare Ba

Mu da muke zaune a kudancin kogin Kaduna ba baƙin mota ba ne. A nan Kakuri ne kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a 1975, aka fara da 404, daga baya 504 da 505 suka biyo. An daina ƙera 504 a Faransa da daɗewa, amma a Kaduna an ci gaba da fitar da ita har 2006. Saboda haka da wuya a sami gida a Barnawa, Narayi, Makera ko Sabon Tasha da ba a taɓa shiga Fijo ba, ko ta haya, ko ta ofis, ko ta kai amarya.

Tun daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin SAP darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai jama'a suka koma ga kayan da aka riga aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Idan injin mota ya gaji, sai a nemo wani a ɗora. Sau da yawa kuwa mai mota yakan ce, tun da za a canza, gara a sa babba. A nan ne muke so mu ja hankalin ɗalibai da malamai da iyaye, domin babban inji a tsohon jiki yana zuwa da bukatun da ba a cika lissafa su ba.

Mu kanmu mun ɗanɗana. Wata shekara aka sa wa tsohuwar 504 doguwa da ke ɗaukar ƙungiyar mawaƙanmu injin da ya fi nata girma. Murna ta hana mu tambayar makaniken ko ya taɓa wani abu ban da injin. Ranar da muka kama hanyar Kachia, ko Kujama ba mu wuce ba sai ga tururi yana tashi daga gaban mota. Muka yini a bakin hanya muna neman ruwa. Mun gode wa Allah da abin ya tsaya a kan ruwa, bai kai ga birki ba.

Me Ake Nufi Da Ƙarfin Inji?

Ana auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, ma'aunin da James Watt, mutumin Sikotlan, ya fito da shi don kwatanta injinansa na tururi da dawakan da suke maye gurbinsu. Doki ɗaya ya yi daidai da wat 746. Injin 404 mai cc 1618 yana ba da kimanin dawaki 70. Na 504 mai cc 1971 yana ba da 90 da 'yan kai. Na 505 mai silinda shida, cc 2849, yana kaiwa 170.

Masu ƙera mota ba sa auna inji shi kaɗai. Da ƙarfinsa suke lissafa girman birki, da faɗin lagireto, da kaurin kuloci, da ƙarfin sifirin. Idan aka ɗora dawaki 170 a kan jikin da aka yi domin 90, sauran sassan ba su ƙaru da komai ba, ga shi kuma shekaru sun riga sun ci su. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara karyewa.

Birki Da Farko

Ɗalibanmu na Fiziks sun san cewa ƙarfin da ke cikin abu mai gudu ba ya ƙaruwa daidai da gudun, yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa. Bari mu yi lissafin tare. A ce mota mai gudun kilomita 80 a awa tana bukatar mita 40 ta tsaya bayan an taka birki. Idan gudun ya koma 120, ya ƙaru sau ɗaya da rabi ke nan, amma tazarar tsayawa za ta ƙaru sau biyu da kwata, wato mita 90. Sai mu ƙara daƙiƙa ɗaya da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai kan birki. A gudun 80 motar ta ci mita 22 a wannan daƙiƙa, a gudun 120 kuwa mita 33. Jimla ta tashi daga mita 62 zuwa 123, abin da ya fi tsawon filin ƙwallo.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Idan zafin ya yi yawa, takalmin birki yakan daina kamawa sosai, man birki kuma yana iya tafasa, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa. Wannan yakan faru a doguwar gangara kamar ta Hawan Kibo a hanyar Jos. Man birki yana jan laima daga iska, kuma tsohon mai da ya sha ruwa ya fi saurin tafasa. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, na DOT 4 kuwa 230. Don haka a zubar da tsohon mai gaba ɗaya, a canza tiyon roba da suka tsattsage, a auna faifan birki na gaba da gangar baya. In akwai faifai da maƙallan motar da aka ciro injin daga cikinta, kuma za su zauna daidai, su ne suka dace.

Taya Da Ƙafafun Mota

Birki yana tsayar da taya ne kawai, taya ce ke tsayar da mota. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce tafin hannun babban mutum ba. A gefen taya akwai harafin da ke nuna iyakar gudunta: S kilomita 180, T 190, H 210. Tun daga shekara ta 2000 kuma ana buga lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan an ga 2419, mako na 24 ke nan a 2019. Taya na iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta bushe.

Babban inji yawanci ya fi nauyi. Gaban mota zai sunkuya, sitiyari ya yi nauyi, fitilu su haska ƙasa. Sai a sa sifirin da shokozoba da za su ɗauki nauyin, a canza robobin ƙafa, sannan a kai motar a daidaita mata ƙafafu.

Sanyaya Inji

Daga man fetur da inji ya ƙona, abin da ke zama aikin tura mota bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Saura zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ruwa ya kwashe. Injin da ya ninka ƙarfi zai ƙona mai da yawa idan an matsa masa, ya jefa wa lagireto zafin da ya fi ƙarfinsa, balle a watan Maris da Afrilu cikin cunkoson gadar Kaduna. Ana bukatar lagireto mafi girma, da fanka mai ƙarfi, da sababbin tiyo, da murfi mai riƙe matsi, domin matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan lagireto, sai a riƙa wanke shi.

Daga Inji Zuwa Taya

Ƙarfin inji yana bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya, ya bi farfela zuwa aksil na baya. Idan kuloci ya yi ƙarami, za a ji inji yana kuka mota ba ta tafiya, da warin ƙuna a kan hawa. Shi ya sa ƙwararru suka fi son a sayo inji da kulocinsa da akwatin giyarsa tare. Kujerun da inji ke zama a kai su ma abin dubawa ne. Tsohon ƙarfen da tsatsa ta ci ba a yi masa ɗan walda a ce an gama.

Mai Da Wuta

Tsohuwar mota mai kafireto tana shan mai da ɗan ƙaramin matsi. Injin zamani mai fesa mai yana bukatar famfon lantarki mai matsin da ya ninka wancan sau da yawa. Idan aka bar tsohon tiyo, yana iya fashewa ya fesa fetur a kan inji mai zafi, gobara ke nan. Irin wannan inji yana da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa. A nemi mai aikin wuta da ya san su, a sa fiyus a inda ya kamata, kada a ƙulla waya da leda. A ajiye abin kashe gobara a inda hannu zai kai.

Takardu Da Doka

Lambar inji tana cikin takardun mota. Idan an canza shi, a karɓi rasit daga mai sayarwa, a je ofishin lasin a gyara takardu, a kuma sanar da kamfanin inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana tunatar da mu cewa iyakar gudun ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Sabon inji bai canza wannan ba.

Shawararmu

Kafin a biya kuɗin inji, a zauna da makanike a rubuta farashin birki, taya, lagireto, kuloci da wayoyi. In kuɗin ba za su kai ba, gara a nemi inji daidai da na asali, ko a gyara tsohon. Kwamitocin da ke kula da motocin makaranta da na ikilisiya su nemi ganin wannan lissafi kafin su sa hannu, domin 'ya'yan mutane ne za su shiga ciki. Bayan an gama aikin, a gwada motar babu fasinja, a hankali, kusa da gida, ana lura da allurar zafi da yadda birki ke kamawa.

Ku kuma ɗalibai, wasunku za su zama injiniyoyi, wasu makanikai, da yawa za su riƙe sitiyari. Duk ranar da wani ya buɗe muku gaban motarsa yana alfahari da sabon inji, ku yaba masa, sannan ku tambaye shi cikin ladabi me ya yi wa birkin. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.