Injin Yankan Ciyawa na Hawa: Yadda Za Ka Zaɓi Mai Ƙarko Idan Filinka Babba Ne Kuma Mai Gargada

Duk wanda ya daɗe yana sayen waya ya san cewa yawan megafiksel da aka rubuta a jikin kwali ba shi ke sa hoto ya yi kyau ba. Haka abin yake ga injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa ana tuƙawa. Lambar da kamfanoni suka fi rubutawa da manyan baƙi ita ce ƙarfin doki: 19, 22, 24. Amma a fili mai tudu da kwari, da wuya injin kansa ya riga sauran sassa mutuwa. Abin da ke fara gajiya shi ne giya, sai kaskon wuƙaƙe, sai ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba, kuma waɗannan ba a cika tallata su ba.

Tun da wani injiniya ɗan Ingila, Edwin Budding, ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa a 1830, kasuwarsa ta fi ƙarfi a Turai da Amurka, inda gidaje da yawa ke da shimfiɗaɗɗiyar ciyawa. A nan gida masu buƙatarsa su ne makarantu, filayen ƙwallo da na folo, otal-otal, rukunin gidaje da gidajen gona, sai kuma matasan da ke karɓar kwangilar yanka da damina. Ga wanda ya tara jari ya saya, injin da ya kwanta a watan Agusta, lokacin da ciyawa ta fi saurin tashi, asarar shekara guda ce.

Fara da auna filin da wayarka

Kafin ka shiga shafin wani dillali, san abu biyu: girman filin da gangarensa. Manhajar Google Earth tana ba ka damar zagaye fili da layi ta faɗa maka girmansa. Don ka samu abin kwatance, cikakken filin ƙwallo mai mita 105 da mita 68 ya kai murabba'in mita 7,140, wato kusan eka ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Injin da faɗin yankansa inci 42 ne, kimanin santimita 107, idan yana tafiyar kilomita 6 a awa, zai gama irin wannan fili a cikin kusan awa ɗaya da rabi, har da lokacin juye-juye.

Gangare kuwa, manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin karkata, akwai ire-irenta kyauta a Android. Shimfiɗa dogon katako a inda ya fi gangara, ka ɗora wayar a kai. Yawancin masu ƙera waɗannan injuna suna gargaɗin kada a hau gangaren da ya wuce digiri 15. Hakan na nufin ƙasa ta tashi da kusan santimita 27 a kowace mita ɗaya. Wurin da ya wuce haka, a bar shi ga injin saɓawa ko lauje.

Wane iri ne ya dace?

Akwai ƙaramar tarakta mai sitiyari, wadda aka yi don ciyawar gida a fili mai laushi. Akwai babbar yayarta, taraktar lambu, mai manyan tayoyin baya da giya mai ƙarfi, wadda ke iya jan tirela. Sai kuma mai juyi a wuri ɗaya, wanda ake kira ziro-tan, da ake sarrafa shi da sanduna biyu maimakon sitiyari.

Ziro-tan ne ya fi burgewa a bidiyon TikTok da YouTube, kuma a fili shimfiɗaɗɗe mai bishiyoyi ya fi sauran sauri. Sai dai tayoyinsa na gaba juyawa kawai suke yi kamar na kujerar ofis, tayoyin baya ne ke tuƙi kuma su ke riƙe shi. Da zarar sun yi santsi a jiƙaƙƙen gangare, direba ba shi da sauran iko. Don haka a fili mai tudu da kwari, taraktar lambu ta fi zama abin dogaro. Idan filin gargada ce kawai ba gangare, ziro-tan mai sifirin a tayoyi, irin na kamfanin Ferris, yana rage wa baya da ƙugu wahala.

Giya ce zuciyar lamarin

Yawancin injunan zamani suna amfani da giyar da ke aiki da matsin mai, ba a canza ta da hannu, feda kawai ake takawa. Tana da daɗin tuƙi, amma zafi ne maƙiyinta. Hawan tudu da jan kaya suna sa man ya yi zafi ya tsinke, a hankali sassan ciki su cinye. Alamar farko ita ce injin ya yi ƙarfi da safe, bayan rabin awa ya fara jan ƙafa a kan tudu.

Kamfanoni biyu ne suka fi ƙera wannan giya, Tuff Torq da Hydro-Gear, kuma lambar samfurin tana rubuce a jikinta, tsakanin tayoyin baya. Tuff Torq K46 ita ce a cikin ƙananan taraktoci masu araha da yawa, an yi ta ne don aiki marar nauyi. K66 da K72 sun fi ta girma da juriya. A ɓangaren ziro-tan, Hydro-Gear EZT a rufe take, ita kuwa ZT-2800 da ZT-3100 suna da filtar da ake cirewa a sauya mai. Injin mai doki 24 da ƙaramar giya zai riga mai doki 20 da babbar giya zuwa wurin bakanike. Ka sa dillali ya leƙa ya ɗauko maka hoton lambar ta WhatsApp kafin a fara maganar farashi.

Wani abin nema shi ne makullin tayoyin baya. A ƙasa mai ramuka, taya ɗaya takan ɗage ta yi ta juyawa a banza, injin ya tsaya cak. Makullin yana haɗa tayoyin biyu su ja tare. Akwai shi a jerin X500 na John Deere da Husqvarna TS 354XD, shi kuwa Kubota GR2120 dizal yake sha kuma duk tayoyinsa huɗu suna ja.

Kasko, wuƙaƙe da tayoyin gaba

Kaskon da wuƙaƙe ke juyawa a cikinsa iri biyu ne. Ɗaya an matse shi ne daga falle ɗaya na ƙarfe, ɗayan kuma an yanka ƙarafa masu kauri an haɗa da walda. Ana auna kaurin da geji, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri: geji 13 ya ɗan wuce milimita 2, geji 10 kusan milimita 3 da rabi ne. Inda ake da duwatsu, kututture da shurin gara, mai walda ya fi ɗaukar duka, kuma idan ya tsage, mai walda a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano zai iya ɗinke shi.

Kada faɗi ya ruɗe ka. Kasko mai inci 54 ko 60 yana gama aiki da wuri a fili mai laushi, amma a kan tudu yakan aske ciyawa har ƙasa, ya bar ta da tsawo a kwari. Inci 42 zuwa 48 sun fi bin yanayin ƙasa. Duba ko akwai ƙananan tayoyi a gefen kaskon masu hana shi dukan ƙasa, da kuma wurin ɗura giris a sandunan da wuƙaƙe ke juyawa a kai. Ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba kuma ya zama na zubi, mai lilo a tsakiya, domin na falle yana lanƙwashewa idan ya sha faɗawa rami.

Sai yanzu a zo kan inji

Briggs & Stratton, Kohler da Kawasaki su ne sunayen da za ka fi gani. Abin dubawa shi ne ko injin yana da famfon bakin mai da filta. Wanda ke dogaro da fantsama mai kawai, idan ya karkata a gangare, wasu sassan ba sa samun isasshen mai. Mai silinda biyu ya fi mai ɗaya rashin jijjiga. Ƙurar ƙasarmu kuma tana toshe filtar iska da wuri, don haka a zaɓi wadda ake cirewa da hannu ba sai da sifana ba.

Na batir fa?

Kamfanoni irin su EGO da Ryobi suna ƙera na hawa mai batir, kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2021 da ke kawar da sababbin ƙananan injunan fetur irin waɗannan daga kasuwarta. Ba bakin mai, ba kafireto, ba ƙara, sannan tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 kowa yana lissafin lita. Amma mai waya ya san abin da zafi ke yi wa batirin litiyam. Doguwar jiƙaƙƙiyar ciyawa da hawan tudu suna shanye caji da sauri, cikawa kuma na ɗaukar awanni. Ga gidan da ke da sola mai ƙarfi da fili ɗaya, yana da ma'ana. Ga mai kwangilar fili uku a yini, na fetur ko dizal ya fi rufin asiri.

Idan na hannu za ka saya

Duba agogon awanni, shi ne kamar ma'aunin kilomita a mota. Kada ka yarda da gwajin minti biyar a kan siminti. A bar injin ya yi aiki na rabin awa ya yi zafi, sannan a hau tudu da shi. Kashe shi, ka kama wuƙa da ƙyalle ka girgiza, idan tana motsi sama da ƙasa boris ya tafi. Leƙa ƙarƙashin kasko don tsatsa. Daga nan ka rubuta lambar bel, wuƙa da filta, ka bincika ko ana samunsu a kasuwar da ke kusa da kai. Injin da bel ɗinsa sai an yi oda daga waje zai iya zaman wata guda yana jira, ciyawa kuwa ba ta jira.

Abin da ke ƙara masa kwana

Wannan inji na ciyawar da ake kula da ita ne, irin kirikiri, ba na sharar dajin gamba ko tofa da ya kai ƙugu ba. A fara sare irin wannan da injin saɓawa, a tsince duwatsu, a rushe shuri. Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda. A sauya bakin mai kamar yadda littafinsa ya ce, galibi bayan awa 50. Idan damina ta wuce, a zuƙe fetur kafin a ajiye, domin tsohon fetur yana daskarewa ya toshe kafireto, a kuma cire kan batir.

A gangare, da tarakta ana hawa ne a sauko, ba a ratsawa ta gefe. Kada a cire wayar kujera mai kashe wuƙaƙe idan direba ya tashi, kada kuma a goya yaro. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi.

Idan kuɗinka ba su kai na sabuwar taraktar lambu ba, tsohuwa mai lafiyayyar giya da kayan gyara a kusa ta fi sabuwa mai sheƙi wadda aka yi don ɗan farfajiyar gida.