Falanki da Bututu: Yadda Mahaya Igiyar Ruwa Ke Horar da Daidaiton Jiki a Kan Tudu

Gabatarwa

Hawan igiyar ruwa wasa ne na mutanen bakin teku. Mai wasan kan kwanta rubda-ciki a kan wani dogon allo mara nauyi, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har igiya ta taso ta ɗauke shi, sa'an nan ya yi wuf ya miƙe tsaye ya bi ta zuwa gaɓa. Wasan, a sigar da duniya ta san shi, ya fito ne daga tsibiran tekun Fasifik, musamman Hawai, inda wani hafsan jirgin ruwan Ingila, James King, ya rubuta bayaninsa a 1779. Duke Kahanamoku, ɗan Hawai da ya ci zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912, shi ne ya yayata shi a Amurka da Ostireliya. Wasan kansa ya shiga gasar Olamfik a karon farko a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021.

Sai dai wasan yana da wata matsala wadda ba kasafai ake samun irinta a sauran wasanni ba. Masana da suka bibiyi mahaya da agogo sun gano cewa kusan rabin lokacin da suke cikin ruwa a tuƙi yake ƙarewa, wani babban kaso kuma a zaman jiran igiya. Tsayuwar kanta ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Ke nan wanda ya yi awa guda a teku, da ƙyar ya sami minti biyar yana tsaye. Wannan ne ya sa mahaya suka nemi hanyar koyon tsayuwa a gida, da falanki da gungume. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: mene ne ainihin abin da wannan kayan aiki ke koya wa jiki, kuma ina iyakarsa?

Asalin kayan

Dabarar ɗora falanki a kan abu mai mirginawa tsohuwa ce wajen masu wasan nuna bajinta. A 1953 wani Ba'amurke, Stanley Washburn, ya nemi rajistar mallakar wani samfuri da aka sayar da sunan Bongo Board. An ruwaito cewa ya ga dabarar ce wajen yara a ƙasar da ake kira Gana yanzu, sa'ad da yake tuƙin jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1998 kuma wani mahayin igiya a jihar Fulorida, Hunter Joslin, ya kafa kamfanin Indo Board, wanda ya sa kayan ya bazu a tsakanin mahaya. Amma da yake abin bai wuce katako da bututu ba, da yawa daga cikinsu da hannunsu suke haɗa nasu.

Yadda ake haɗa shi

Ana bukatar katako mai fale-fale, irin wanda kafintoci ke yin teburi da shi, mai kaurin milimita 18, tsawon kimanin santimita 75 da faɗin santimita 40 zuwa 45. A yanke kusurwoyinsa su zama masu lanƙwasa, a goge gefunan da samfefa. A ƙarƙashinsa, dab da kowane ƙarshe, a kafa ɗan guntun katako a gicciye da gam da ƙusoshi masu murɗi. Waɗannan guntaye biyu su ne birki. Idan babu su, bututun kan kuɓuce ya fice, mutum ya sha ƙasa.

Abin mirginawar kuwa, bututun roba mai kauri irin na ruwan famfo, mai faɗin baki santimita 10 zuwa 15, ya wadatar, muddin tsawonsa ya kai faɗin falankin. Bututu mai siririn jiki kan tsage ƙarƙashin nauyin mutum, don haka a guje shi. Naɗa masa robar cikin taya yana rage santsi. Gwargwadon girman bututu, gwargwadon yadda falankin zai karkata kafin bakinsa ya taɓa ƙasa, saboda haka ɗan koyo ya fara da ƙarami, a kan darduma ko ciyawa, nesa da teburi da gilashi, yana dafe da bango ko hannun wani.

Ma'aikata uku na daidaito

Mutum a tsaye kamar sanda ce da aka tsayar a tafin hannu: kullum tana shirin faɗuwa, kullum ana tare ta. Cibiyar nauyin jiki tana ɗan ƙasa da cibiya, kuma muddin ta fita daga saitin filin da tafin ƙafafu suka rufe, faɗuwa ta zo. Hanyoyi uku ne ke sanar da ƙwaƙwalwa halin da ake ciki.

Ta farko ita ce ido, wanda ke auna jiki da abubuwan da ke kewaye. Ta biyu tana can cikin kunne, a cikin ƙashin kai. A kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu siffar baka, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar wata nahiya dabam. Idan kai ya juya, ruwan kan ɗan yi jinkiri, sai ya tura wasu ƙwayoyin halitta masu gashi, su kuma su aika saƙo. Wannan ne sirrin hajijiyar da yara ke yi: bayan yaro ya tsaya, ruwan bai tsaya ba, sai ya ga duniya tana juyawa. Kusa da bututun akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, waɗanda ke auna karkatar kai da jan ƙasa. Bafaranshe Pierre Flourens ne ya fara nuna aikin bututun nan a shekarun 1820, da ya yanke su a jikin tantabaru ya ga kawunansu suna kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Robert Bárány kuma ya sami lambar Nobel ta 1914 saboda bincikensa a kan wannan sashe.

Hanya ta uku ita ce jin-jiki, wato saƙonnin da ke fitowa daga tsokoki da gaɓoɓi da fatar tafin ƙafa, wadda Charles Sherrington ya yi cikakken bayaninta a 1906. Da ita ce mutum ke sanin inda ƙafarsa take ko da a cikin duhu. Mai karatu na iya gwada wannan: ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai wasan langa, sa'an nan ya rufe ido. Rawar da zai ji idon sawunsa na yi, aikin hanyoyi biyun da suka rage ne.

Abin da falankin ke koyarwa

A kan ƙasa mai ƙarfi, jiki ya fi dogara da saƙon idon sawu. Da zarar an hau falanki, wannan saƙo ya zama abin shakka, domin ƙasar da kanta motsi take yi. Dole ƙwaƙwalwa ta rage amincewa da shi, ta ƙara jingina ga ido da kunne. Haka abin yake a kan ruwa.

Babbar matsalar kuwa ita ce jinkiri. Martanin da ke zagayawa ta laka kaɗai yana ɗaukar kimanin kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa. Martanin gyara tsayuwa yana ɗaukar kimanin kashi 1 cikin 10, wanda aka yi da tunani kuwa ya ninka haka. Ɗan koyo kan mayar da martani ga karkatar da ta riga ta wuce, ya danna da ƙarfin da ya zarce kima, sai falankin ya kifa ɗaya ɓangaren. Don tsoro kuma sai ya sandare tsokokinsa duka, abin da ke ƙara dagula al'amarin.

Maganin jinkiri shi ne hasashe, kuma wannan aikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da ke wajen ƙeya. Duk da ƙanƙantarta, tana ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa. Kowane kuskure da aka yi, sai ta kwatanta abin da ta zata da abin da ya faru, ta gyara lissafi. Sannu a hankali gwiwoyi su saki, ƙugu ya karɓi aikin, gyare-gyaren su zama ƙanana kuma a kan kari. A 2010 Marco Taubert da abokan aikinsa a Cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus sun horar da matasa a kan falanki mai karkata na mako shida, hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna sauyi a tsarin wasu sassanta. Ashe falankin jijiyoyi yake horarwa fiye da tsoka.

Iyakar amfaninsa

A nan ne ya kamata a yi hattara da tallar 'yan kasuwa. Binciken da Louis-Solal Giboin da abokansa suka buga a Jamus a 2015 ya nuna cewa wanda ya ƙware a kan wani kayan daidaito, ƙwarewarsa ba ta cika bin sa zuwa wani kayan dabam ba. Jiki yana koyon aikin da aka ba shi ne takamaimai. Allon teku kuwa ya bambanta da falankin ɗaki: gudun ruwa a ƙarƙashinsa yana ƙara masa natsuwa, kamar yadda keke ke daidaita idan yana tafiya, kuma yana karkata ta kowace fuska. Falanki ba ya koyar da tuƙi, ko karanta igiya, ko ninƙaya.

Abin da hikima ta nuna shi ne a kusantar da atisayen ga wasan. A tsaya a gicciye, gwiwa a lanƙwashe, ido yana kallon gaba maimakon ƙafa. A riƙa juya bututun ya bi tsawon falankin, domin a sami karkata tsakanin yatsu da diddige, irin wadda mahayi ke juya allonsa da ita. A yi na 'yan mintoci kullum maimakon awa guda a mako.

Kammalawa

Inda amfanin irin wannan kaya ya fi tabbata shi ne wajen kare gaɓa. Tun 1965 likitan ƙashi na Ingila, Michael Freeman, ya nuna cewa targaɗen idon sawu na raunana jin-jiki, kuma atisaye a kan falanki mai karkata na rage yawan turguɗewar ƙafar daga baya. Binciken da aka yi a kan 'yan wasan ƙwallon raga a ƙasar Holan a 2004 ya ƙarfafa wannan, musamman ga waɗanda suka taɓa yin targaɗe. Amma falanki mai bututu ba na tsofaffi ba ne, ko masu juna biyu, ko masu fama da jiri. Waɗannan su nemi shawarar likita a kan atisaye mafi sauƙi.

Ga mahayin da teku ta yi wa nisa, falanki da bututu za su koya wa jikinsa sakin gwiwa, da ɗaga kai, da gyara kuskure tun yana ƙarami. Sauran karatun kuwa, sai ya shiga ruwa.